Maiƙo, Ɗan Aiken Magani

Duk wanda ya duba littattafan tarihin ilmin ɗibbu zai tarar marubutansu sun fi girmama ranar da aka gano magani, su ambaci sunan wanda ya gano shi da garin da yake zaune, sa'an nan su wuce gaba, kamar dai samun magani shi ne samun waraka. Alhali kuwa tsakanin kwalbar likita da gurbin da cuta ta yi wa kanta mazauni a jikin ɗan Adam akwai tafiya mai nisa, wadda magunguna masu yawa suka salwanta a cikinta, wasu kuwa suka halaka majinyaci tun ba su kai ba. Akwai maganin da ba ya narkewa cikin ruwa, saboda haka jini ba ya iya ɗaukarsa. Akwai wanda jini ke lalata shi cikin 'yan mintoci. Akwai kuma wanda ke bazuwa ko'ina a jiki, ya kashe cuta, ya haɗa da ƙoda ko zuciya. Domin wannan tafiya ne wata sana'a ta tashi a ƙarnin da ya wuce, sana'ar ƙera 'yan mitsi-mitsin ƙwayoyi na maiƙo a ɗura magani a cikinsu, kuma ni a ganina ma'abota wannan sana'a ba su sami haƙƙinsu na ambato ba, ko da yake aikinsu ya riga ya shiga damtsen miliyoyin mutane, har da 'ya'yanmu.

Haɗa magani da mai dai tsohon al'amari ne. Ana jingina wa Jalinusu, babban likitan nan na zamanin Rumawa a ƙarni na 2 na Miladiyya, wani man shafawa na kakin zuma da man zaitun da ruwan wardi. Ibnu Sina kuma, wanda ya rasu a 1037, ya keɓe littafi na biyar na Alƙanun ga magungunan da ake harhaɗawa, a cikinsu har da na shafawa iri-iri. A ƙasar Hausa ma maɗora da ungozomai da masu saiwoyi sun daɗe suna kwaɓa garin magani da man kaɗanya ko man shanu, domin jarrabawa ta nuna musu mai yakan riƙe magani a fata ya kuma taimake shi ratsawa. Har gobe, idan ma'aikacin asibiti ya miƙa maka maganin zazzaɓin cizon sauro irin su Coartem ya ce ka sha da madara ko bayan abinci mai maiƙo, da wannan hikimar yake aiki, gama ɗaya daga cikin sinadarai biyu na maganin ba ya shiga jini sosai sai da rakiyar mai. Amma duk wannan a fata ne da ciki. Jijiyar jini ta buwayi magabata, domin ɗigon mai idan ya shiga jini da girmansa yakan toshe ƙananan jijiyoyin huhu, kuma ba a san yadda za a farfasa shi ya dawwama a farfashe ba.

Mabuɗin mas'alar ya fito ne daga hannun mutanen da ba magani suke nema ba, abin da ya dame su shi ne sanin da me Mahalicci Ya kewaye ƙwayar halitta, wadda daga irinta aka gina jikin kowane mai rai. A tsakiyar ƙarni na 19 wani mai harhaɗa magunguna a Faris, Théodore Gobley, ya fitar da wani maiƙo mai ɗauke da sinadarin fosfaras daga gwaiduwar ƙwai, ya kira shi lesitin. A ƙarshen ƙarnin Ernest Overton, yana aiki a Zurik, ya lura cewa abin da ke narkewa cikin mai ya fi saurin kutsawa cikin ƙwayar halitta, sai ya yi ƙiyasi cewa tantanin da ya lulluɓe ta na maiƙo ne. A 1925 kuma Gorter da Grendel, a Laidin ta ƙasar Holan, suka tatso maiƙon jajayen ƙwayoyin jini, suka shimfiɗa shi bisa ruwa, suka auna faɗinsa, suka ga ya ninka faɗin fatar ƙwayoyin sau biyu, suka yanke hukunci cewa tantanin ruɓi biyu ne. Daga baya an gano awon nasu yana da kurakurai biyu da suka shafe juna, amma hukuncin ya tabbata. Sirrin kuwa yana ga siffar wannan maiƙo da ake kira fosfolifid: yana da kai mai son ruwa da wutsiyoyi biyu masu gudunsa, don haka da ya sami kansa cikin ruwa sai ya jeru sahu biyu, wutsiyoyi na fuskantar juna a ɓoye, kawuna suna waje, ba tare da hannun kowa ya tsara shi ba.

Wanda ya fara shigar da mai cikin jijiya lafiya shi ne Arvid Wretlind na ƙasar Suwidin, bukatarsa kuwa ita ce ciyar da majinyacin da hanjinsa ya daina aiki. A Amurka an gwada haka da man angurya, illolinsa suka sa aka janye shi. Wretlind ya ɗauki man waken soya, ya farfasa shi ƙanana ƙwarai, ya lulluɓe kowane ɗigo da lesitin na gwaiduwa don kada su sake haɗuwa, a 1962 aka halatta shi a ƙasarsu da sunan Intralipid. Wannan haɗin ne ya ceci furofofol, maganin sa barci da John Glen, likitan dabbobi a kamfanin ICI na Ingila, ya gano. An fara gwada shi ga mutane a 1977 cikin wani ruwan narkarwa da jikin wasu ya ƙi, aka dakatar, sai a 1986 ya dawo cikin man soya da lesitin. Farin ruwan nan da ake ɗura wa mutum a jijiya kafin tiyata, shi ne.

Sai dai ɗigon mai ba ya ɗaukar komai illa abin da ke narkewa cikin mai. Abin da ya buɗe ƙofa ga sauran magunguna ya auku ne a Babraham, wani ƙauye kusa da Kambirij ta Ingila, inda akwai cibiyar binciken jikin dabbobi. Can ne Alec Bangham, likita masanin jini, wanda hankalinsa ke kan yadda jini ke daskarewa, ya haɗu da abokin aikinsa Robert Horne a farkon shekarun 1960, suka sa lesitin a ƙarƙashin sabon madubin ƙara girma mai aiki da ilaktaron da cibiyar ta samu. Suka ga maiƙon, da ya sha ruwa, ya naɗe kansa ya zama 'yan ƙunshi rufaffu, tantani cikin tantani, da ruwa tsakanin kowane ruɓi da na gabansa. Suka buga hotunan a 1964. A 1965 kuma Bangham da wasu abokan aiki biyu suka tabbatar da abin da ya fi hotunan muhimmanci, wato gishirin da aka kulle cikin ƙunshin ba ya fita sai a hankali ƙwarai, daidai da yadda tantanin ƙwayar halitta mai rai ke yi. Wani Ba'amurke da ya ziyarce shi, Gerald Weissmann, shi ya raɗa musu sunan da ya bi su, lifosom. Shi Bangham a wurinsa samfuri ne na tantanin halitta, wanda zai yi nazari a kansa ba tare da rikicin jiki mai rai ba, kuma haka malamai suka riƙe su na 'yan shekaru.

Wanda ya dubi wannan ƙunshi ya hango mazubin magani shi ne Gregory Gregoriadis, mutumin Girka, wanda ya zo Landan ya zauna a ɗakin binciken Brenda Ryman a makarantar likitoci ta asibitin Royal Free. Damuwarsu ita ce yaran da ake haifa babu wani sinadarin narkarwa a ƙwayoyin jikinsu, har abin da ya kamata a narkar ya taru ya kumbura musu hanta. A 1971 suka bayyana cewa sun kulle irin wannan sinadari cikin lifosom, suka yi wa ɓeraye allurarsa suka bi sawunsa. A 1974 kuma shi da Anthony Allison suka nuna cewa idan aka sa abin rigakafi cikin lifosom, jiki ya fi zabura ya ƙera garkuwa. Murna ta yawaita, gama tun farkon ƙarnin Paul Ehrlich na Jamus ya kwaɗaita wa likitoci maganin da zai nufi cuta kaɗai ya ƙyale mai ita, sai aka zaci buri ya cika.

Ba a jima ba murna ta koma ciki. Allah Ya sanya wa hanta da saifa wasu ƙwayoyi masu tsaro, aikinsu haɗiye duk baƙon abu da ke yawo cikin jini, kuma lifosom ba ya daɗewa a jini sai su cafke shi. Misalinsa kamar ayarin fatake ne da ya ɗauro kaya domin wata kasuwa mai nisa, amma hanya ɗaya ce tak, ta ƙofar wani gari inda sarkin ƙofa ke sauke kowane jaki. Komai kyan ɗaurin kaya, a nan tafiya za ta ƙare. Bayan wannan kuma ƙunshin na yoyo, girmansu bai daidaita ba, abin da aka haɗa yau ba ya kama da na jiya. Kamfanonin da aka kafa a Amurka a farkon shekarun 1980 domin wannan sana'a suka yi shekara da shekaru babu abin sayarwa, har ya zamana masu kayan kwalliya ne suka riga likitoci kai lifosom kasuwa, gama a 1986 Dior ya fitar da man shafawa mai suna Capture.

A nan ne aka yi abin da nake ganin shi ne mafi hikima a duk tarihin: da aka kasa hana hanta kamawa, sai aka juya tambayar, aka ce to wace cuta ce ke zaune a hanta da saifa? Amsa ita ce kala'azar, cutar da wani ɗan ƙaramin ƙuda mai cizo ke yaɗawa, wadda ke zuwa da zazzaɓi mai tsawo da kumburin saifa da rama, kuma idan ba a yi magani ba galibi ita ce ajali. Ƙwayar wannan cuta ba ta da maɓoya sai cikin waɗannan ƙwayoyi masu tsaro su kansu. A 1977 da 1978 masu bincike a Ingila da na cibiyar sojan Amurka ta Walter Reed suka zuba tsohon maganin cutar cikin lifosom, suka ga ƙarfinsa a jikin ƙananan dabbobi ya ninka sau ɗaruruwa, domin mai tsaron da ya haɗiye ƙunshin ya kai magani har ɗakin ɓarawo.

Maganin da ya ci moriyar wannan hanya a ƙarshe shi ne amfoterisin, wanda aka samo a 1955 daga wata ƙwayar halitta da ke cikin ƙasar yankin kogin Orinoko a Benizuwela. Yana da ƙarfi ƙwarai a kan cututtuka dangin funfuna masu shiga jini da ƙwaƙwalwa, da kuma kan kala'azar, amma likitoci na shakkarsa, domin yakan sa majinyaci makyarkyata da zazzaɓi yayin ɗurawa, kuma yakan ci ƙoda. Dalili kuwa shi ne yana huda tantanin ƙwayar cuta ta hanyar manne wa wani maiƙo da ke cikinsa, maiƙon nan kuwa ɗan'uwan kolestarol ne da ke cikin namu tantanin, don haka ba kullum yake bambancewa ba. Jill Adler-Moore da Richard Proffitt, a wani ƙaramin kamfani a Kalifoniya, suka dasa maganin cikin bangon wani lifosom mai tauri, yadda zai zauna daram har sai ya gamu da ƙwayar cutar, wadda ya fi karkata gare ta, sa'an nan ya bar mazauninsa ya koma kanta. Aka ba shi izini a Turai a 1990 da sunan AmBisome, a Amurka kuma a 1997.

Wannan labari ya shafe mu kusa, domin jihar Gadarif ta gabashin Sudan, inda zuriyar Hausawa mahajjata suka kafa ƙauyuka tun zamanin tafiya Makka a ƙasa, tana cikin wuraren da kala'azar ta fi tsanani a duniya. A kudancin Sudan kuwa annobarta a lokacin yaƙi, tsakanin 1984 da 1994, an ƙiyasta ta kashe mutum kimanin 100,000. Tsohon magani allura ce mai zafi, kullum, har kwana 30. A 2010 Shyam Sundar da abokan aikinsa a Bihar ta Indiya suka nuna cewa ɗurawa ɗaya tak ta AmBisome tana warkar da fiye da 95 cikin 100. Abin baƙin ciki, irin cutar da ke gabashin Afirka ta fi taurin kai, ɗurawa ɗaya ba ta isarta, saboda haka a Sudan akan tanade shi ne domin masu juna biyu da waɗanda ciwo ya tsananta gare su da masu ƙanjamau. Amma a wani fagen Afirka ta ci riba. Wani gwaji da aka yi a Botsuwana da Malawi da Afirka ta Kudu da Yuganda da Zimbabuwe, aka buga sakamakonsa a 2022, ya nuna cewa ga sanƙarau na funfuna, wanda ke kashe masu ƙanjamau da yawa, ɗurawa ɗaya mai nauyi tare da ƙwayoyin sha na mako biyu ta yi daidai da mako guda na tsohon amfoterisin wajen ceton rai, da ƙarancin illa ga ƙoda da jini. Hukumar Lafiya ta Duniya kuwa ta karɓi tsarin a shekarar. Duk wanda ya taɓa jinyar ɗan'uwa a asibitin da gado bai isa ba, balle awon jini kullum, ya san ratar da ke tsakanin kwana bakwai na ɗurawa da yini guda.

Masu neman maganin ciwon daji ba su sami wannan sauƙi ba, gama ƙari na iya tsirowa ko'ina, dole sai an tsallake hanta. Dabarar ta samo asali daga jami'ar Rutgers ta Amurka, inda a 1977 Frank Davis da Abraham Abuchowski suka nuna cewa idan aka liƙa wa furotin wani sinadari mai dogayen zaruruwa masu riƙe ruwa, wanda ake taƙaita sunansa da PEG, masu tsaron jiki ba sa saurin ganinsa. Wajen 1990 ɗakunan bincike da dama, kusan lokaci guda, suka yi wa lifosom wannan lulluɓi, sai ga shi yana kwanaki yana zagaya jini. A birnin Ƙudus, Alberto Gabizon, likitan ciwon daji, da Yechezkel Barenholz, masanin maiƙo, sun riga sun sha kaye sau ɗaya a shekarun 1980, lokacin da ƙunshinsu na farko ya zubar da kayansa cikin jini tun bai je ko'ina ba. Kayan kuwa doksorubisin ne, wani jan magani mai ƙarfi amma mai raunana zuciya, har an ƙayyade iyakar abin da mutum zai karɓa a duk rayuwarsa. Barenholz ya gano hanyar ɗuri mai ban sha'awa: a fara cika ƙunshin da gishirin amoniyam salfet, sa'an nan a zuba magani a ruwan da ke waje, sai maganin ya ratsa tantani da kansa, ya gamu da gishirin, ya dunƙule ya kasa fita, har kusan dukkansa ya shige. A Nuwamban 1995 hukumar magunguna ta Amurka ta halatta shi da sunan Doxil, domin wani ciwon dajin fata da ke kama masu ƙanjamau. Girman kowace ƙwaya kimanin nanomita 100 ne, nanomita kuwa kashi ɗaya ne cikin miliyan na milimita.

Wajibi ne a faɗi gaskiya a nan, domin an yi wa wannan babi ƙari mai yawa. Doxil ya sauƙaƙa wa zuciya haƙiƙa, ya rage zubewar gashi, amma ya zo da tasa illar, ta kumburi da saɓewar tafin hannu da na ƙafa, kuma a yawancin cututtuka bai tsawaita kwana fiye da tsohon maganin da wani abin a zo a gani ba. Hujjar da aka dogara da ita, wadda Matsumura da Maeda na Kumamoto a Japan suka kafa a 1986, ita ce jijiyoyin da ke ciyar da ƙari suna da ɓuraguzan kafofi, ƙananan ƙwayoyi kan sulale ta nan su taru. Wannan ya tabbata a ɓera, amma a ɗan Adam ya sha bamban daga ƙari zuwa ƙari. A 2016 wasu masana a Toronto suka tattara gwaje-gwajen dabbobi na shekara 10, suka ga matsakaicin abin da ke isa ga ƙari bai wuce 0.7 cikin 100 na abin da aka ɗura ba. Bilhasali, ribar da aka samu ita ce rage dafi, kuma ban ɗauke ta ƙarama ba, gama majinyacin da zuciyarsa ta tsira shi ke iya jure magani har ƙarshe.

Babi mafi girma ya zo ne da wani kaya wanda ba shi da tafiya sam sai da mazubi, wato RNA, saƙon da ƙwayar halitta ke karantawa ta ƙera furotin. Wannan saƙo babba ne, mai saurin lalacewa, jini na yayyanka shi nan take, kuma yana ɗauke da cajin lantarki irin wanda tantani ke korewa. A 1987 Philip Felgner a Kalifoniya ya ƙera maiƙo mai kishiyar wannan caji, wanda ke manne wa irin wannan saƙo ya shigar da shi ƙwayoyin da ake reno a ɗakin gwaji. Amma cikin jini maiƙo mai caji dafi ne. Maganin wannan ya fito daga Bankuba ta Kanada, daga ɗakin binciken Pieter Cullis da kamfanonin da almajiransa da abokansa suka kafa, waɗanda suka yi shekaru suna ƙera maiƙon da ba ya ɗaukar caji sai a cikin tsami. A wurin haɗawa, akan gauraya maiƙon da RNA cikin ruwa mai tsami da sauri ƙwarai, su rungumi juna. A cikin jini, inda babu tsami, cajin ya kwanta, ƙwayar ta wuce lafiya. Idan ƙwayar halitta ta haɗiye ta cikin wata 'yar jaka, jakar kuwa bisa ɗabi'arta sai ta yi tsami, cajin ya farka, ya ɓarke bangon jakar, saƙo ya fita. Duk da wannan dabara, wani bincike na 2013 ya nuna abin da ke kuɓuta daga jakar bai fi 2 cikin 100 ba, kuma wannan kaɗan ɗin shi ke yin aikin duka.

Waɗannan ƙwayoyi na maiƙo su ma hanta ce makomarsu, domin a 2010 an gano wani furotin na jini, wanda aikinsa kai kolestarol hanta, yakan manne musu ya ja su can. Aka sake bin tsohuwar hikimar, aka nemi cutar da tushenta ke hanta, aka sami wata ta gado da Corino de Andrade ya siffanta a 1952 tsakanin iyalan masunta a arewacin Fotugal, inda hanta ke ƙera gurɓataccen furotin da ke taruwa ya kashe jijiyoyi. A Agustan 2018 aka halatta Onpattro domin ta. Masu wannan cuta kaɗan ne a duniya, amma ta hanyarsu hukumomi suka saba da wannan mazubi, masana'antu suka koyi haɗa shi. Don haka da annobar korona ta sauka, kayan aiki na nan a shirye. Ranar 2 ga Disamban 2020 Birtaniya ta halatta rigakafin Pfizer da BioNTech, na Moderna ya biyo baya a Amurka cikin watan, kowannensu saƙo ne cikin maiƙo iri huɗu: mai farkawa cikin tsami, da mai ɗauke da PEG, da kolestarol, da fosfolifid irin na Bangham. Lambar Nobel ta 2023 ta tafi ga Katalin Karikó da Drew Weissman, waɗanda a 2005 suka gyara saƙon yadda jiki ba zai yi masa bore ba, kuma sun cancanta ƙwarai. Amma saƙon nasu da ba shi da mai ɗauka, da a bakin allura zai ƙare. Masu lambar Gairdner ta Kanada sun fi adalci a ganina, da suka haɗa su da Cullis a 2022.

Inda zuciyata ba ta kwanta ba shi ne wajen rabo. Wannan sana'a mai tsada ce, sirrinta yana hannun kamfanoni ƙalilan waɗanda suka yi ta maka juna a kotu kan wane ne mai haƙƙin wane maiƙo. Rigakafin Pfizer da farko sai an ajiye shi a sanyin digiri 70 ƙasa da sifiri, sharaɗin da ya fi ƙarfin asibitin da wutar lantarki ba ta tsaya masa ba. Nijeriya ba ta ga na Moderna ba sai a Agustan 2021, kimanin miliyan 4, kyauta daga Amurka, bayan ƙasashe masu arziki sun yi nisa. A wannan shekara ta 2021 ma, da wata cutar funfuna ta afka wa waɗanda suka tashi daga korona a Indiya, amfoterisin na lifosom ya yi ƙaranci har iyalai suka riƙa bin kantuna suna nema. Rashin daidaiton rabon nan ne ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ta kafa cibiyar koyar da haɗa rigakafin RNA a Kef Tawun a 2021, BioNTech kuma ya buɗe ginin masana'anta a Kigali a ƙarshen 2023.

Duk da haka sana'ar ta iso mu ta wata ƙofa da mutane da yawa ba su lura da ita ba. Rigakafin zazzaɓin cizon sauro na farko, RTS,S, wanda aka fara gwada bayarwa ga jama'a a Gana da Kenya da Malawi a 2019, Kamaru kuma ta sa shi cikin rigakafin yara na yau da kullum a Janairun 2024, yana tafe da lifosom mai zaburar da garkuwar jiki, wato jikan binciken Allison da Gregoriadis na 1974. A cikinsa akwai wani sinadari daga ɓawon wata bishiya ta ƙasar Cile, wanda shi kaɗai yakan fasa jajayen ƙwayoyin jini, amma kolestarol na lifosom ya ɗaure shi ya bar amfaninsa. Na biyun, R21, wanda aka fara yi wa yara a jihohin Kebbi da Bayelsa a Disamban 2024, shi ma mataimakinsa 'yan ƙwayoyi ne na wannan ɓawon da kolestarol da fosfolifid.

Abin da ya rage, kuma shi nake sa wa ido fiye da komai, shi ne fita daga hanta zuwa ɓargo. A 2025 likitoci a Filadelfiya sun yi wa wani jariri gyaran ƙwayar gado a cikin jikinsa da irin waɗannan ƙwayoyi na maiƙo, amma ciwonsa na hanta ne. Amosanin jini, wato sikila, wadda Nijeriya ta fi kowace ƙasa yawan jariran da ake haifa da ita, tushenta yana ɓargo. Maganin gyaran gado da aka halatta mata a ƙarshen 2023, Casgevy, sai an ciro ƙwayoyin ɓargon majinyaci, a gyara su a masana'anta, a ƙone sauran ɓargon da magani mai dafi, sa'an nan a mayar, kuma kuɗinsa a Amurka dala miliyan 2.2 ne ga mutum ɗaya, abin da babu mahaifin da ke zaman layi a asibitin sikila a Kano ko Zariya da zai ko yi mafarkinsa. A 2023 masu bincike a Filadelfiya suka liƙa wa ƙwayar maiƙo wani furotin mai gane uwayen ƙwayoyin jini, suka isar da saƙo ɓargon ɓeraye da allura ɗaya, suka kuma gyara ƙwayoyin masu sikila a ɗakin gwaji. Daga ɓera zuwa yaro akwai sauran aiki mai yawa: a ƙara adadin ƙwayoyin ɓargon da saƙon ke isa gare su, a hana hanta kwashe mafi yawansa, a tabbatar gyaran bai taɓa inda ba a nufa ba, sa'an nan a sami haɗin da zai jure zafin ƙasarmu a kan farashin da ma'aikatar lafiya ta jiha za ta iya biya.